Tabon da Mai Ƙunshi Ta Gani

Shekarun baya, lokacin muna haya a Gyaɗi-Gyaɗi, ɗana na fari yana da shekara huɗu kuma bai fara magana ba. Likita ta ce mana otizim ne, abin da wasu ke kira galahanga. Abin da ya kasa faɗa da baki, da yatsu yake faɗa. Maƙwabta na tayar da janareta, ko injin markaɗen bayan gida ya fara ruri, sai ya rugo ya kama damtsena ya mintsine, irin mintsinin nan na murɗa fata har jini ya kwanta. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, ni ce kuma mafi kusa da shi. Damatsana duk sun yi baƙi-baƙi, amma hijabi na rufa mini asiri.

Sai bikin ƙanwata ya taso a gidanmu na Tarauni. Kun san yadda muke yi, kafin kamu mata 'yan'uwa kan taru a ɗaki ɗaya a yi ƙunshi. Ni kuwa uwar son gayu, na ce nawa zanen har sama da gwiwar hannu nake so. Na naɗe hannun riga, ko a jikina. Mai ƙunshi ta gama hannu ɗaya har ta haura sama, sai ta tsaya cak.

"Innalillahi! Wa ya yi miki wannan?" in ji yayata.

Na ce, "Yaron nan ne, in ya tsorata."

Mahaifiyata ta zo ta juya hannun ta duba. "Yaron da ko cokali bai gama iya riƙewa ba? Rufa wa mijinki asiri kike yi. Haka kuke duk, sai an kashe ku."

Babu rantsuwar da ban yi ba, amma ranar ba a bar ni na koma ɗakina ba. Washegari yayyena maza suka cika mota, suka je har shagon maigidana, inda yake gyaran firji, suka taho da shi a gaban abokan sana'arsa. Mutum ne mai sanyi, ko tsawa bai iya ba. Ina leƙe ta labule ya durƙusa a falon mahaifina, kawuna yana ta faɗa: "Amana muka ba ka, ba jaka ba. In ka gaji da ita ka sawwaƙe mata yanzun nan." Shi dai cewa yake, "Baba, wallahi ban taɓa ɗaga mata hannu ba." Aurena na gani yana shirin mutuwa a kan laifin da babu wanda ya yi.

A tsakar gida kuwa mahaifiyata ta ɗora yaron a cinya, masu kiɗan biki suna haɗa lasifika. Na ce, "Umma, ki ba ni shi, ƙarar nan ba ya sonta." Ta ce, "Ke tafi can, yau na fara raino?" Suna kunna kiɗan ya cafki damtsenta ya murɗa. Ihun da ta yi sai da mazan falo suka fito a guje. Ga shatin nan ya tashi, sak irin nawa.

Na ɗauka yanzu wani zai ce wa maigidana yi haƙuri. Kawu ya gyara hula ya ce, "To, tashi ka je, Allah ya kiyaye gaba." Shi ke nan fa. Mahaifiyata kuma tana murza hannu ta ce, "Wannan ba shi kaɗai ba ne, akwai iska a jikinsa. Kada ki kawo shi wajen kamu, akwai jariran mutane." Ni ma ban je ba. Na koma ɗakina na zauna da ƙunshi a hannu ɗaya.

Wadda ta taimake ni maƙwabciyata ce, wata malamar firamare 'yar Kudancin Kaduna. Ta ce, "Maman yaro, ki daina kallon mintsinin, ki kalli abin da ya zo kafinsa." Muka ɗura shinkafa a safa muka ɗaure, ya zama abin matsawarsa. Ina jin an ja igiyar janareta sai in sa masa a hannu, in rungume shi tsam. In ya kai mini hannu ba na ihu, sai in sauke hannun a hankali in ce, "Matsa wannan." Farcensa kullum a yanke. Ba dare ɗaya ba, amma mintsinin ya ragu har ya zama sai jefi-jefi.

Yanzu ya girma, tabon ya ɓace, zumunci ma ya ci gaba. Maigidana yana zuwa gaisuwa, sai dai daga ƙofar gida yake juyowa. Ni kuma an ce in manta, na kasa. Da suka zaci mijina ne ke yi mini ciwo, mota guda aka ciko domin a ƙwace ni. Da suka gane ɗana ne, ko mutum ɗaya bai tako Gyaɗi-Gyaɗi ya ce mini sannu ba.