Biyu Ba Ya Kallon Gaba

Enoch Tasker bai taɓa ganin ko mutum ɗaya cikin waɗanda ya kashe ba, kuma da wannan ya samu ya rayu har furfura ta cinye kansa. Ɗan ƙodagon gona ne a wani ƙauye kusa da garin Grantham, mai manyan hannaye, magana kuwa sai an ciro ta da ƙugiya. Da aka kwashe bindigogi masu jigida daga bataliyoyi a 1915, ana tsakiyar yaƙi, aka yi musu runduna ta daban, sai aka bi ana tsintar ƙartin da za su iya ɗaukar kaya. Ba wanda ya tambayi Enoch ra'ayinsa, kafaɗunsa kawai aka duba.

A rundunar nan mutum shida ke kan bindiga ɗaya, kuma a bakin aiki ba a kiran suna sai lamba. Ɗaya ke zama bayanta ya danna. Biyu ya kwanta a damarsa yana zura jigidar harsashi, sauran su yi ta jigilar akwatuna da ruwan sanyaya ta. In Ɗaya ya faɗi, Biyu ya hau gurbinsa, kowa ya matsa gaba. Enoch ya shiga yana Biyar. Kafin shekara ta kewayo a Faransa ya zama Biyu, nan kuma ya tsaya, don Seth Maddison, Ɗayansu, harsashi ya ƙi shi ƙememe.

Idon Biyu a kan jigida yake, kada ta murɗe, kada taɓo ya shiga. Enoch ya sha hayaƙi, kunnensa na hagu ya mutu, amma bai taɓa ɗaga kai ya dubi gaba ba. Seth ne ya duba.

A 1922 aka rushe rundunar. Sauran sojoji suna da barikin da za su koma a yi zumunci, su kuwa ko ƙofar ƙwanƙwasawa ba a bar musu ba. Enoch ya koma gona, ya auri Hetty, suka haifi 'yan mata uku, yana barcinsa da minshari har maƙwabta na ƙorafi. Seth ya buɗe shagon gyaran keke, ya rame, ya ƙi aure, ƙanwarsa Mabel ke masa girki. Duk Asabar su haɗu a mashaya, Enoch a dama kamar kullum. Da Seth ya fara cewa, ranar nan a gonar alkama, sai Enoch ya miƙe wai kofinsa ya ƙare. Hetty ta sha ce masa rashin imani ne, mutum na neman inda zai sauke kaya. Shi dai tsoro yake ji, ya san ranar da ya saurara barcinsa ya tafi ke nan.

Haka suka tsufa. Wata ranar girbi da azahar Mabel ta aiko a ce ya zo maza. Ya iske Seth a gado, an jingina shi da matasai yana fuskantar taga.

"Ka iso, kurman banza? Ga su can bakin shinge. Tun safe suke tsaye."

"Shanun maƙwabcinka ne, tsoho. Kwanta ka huta."

"Na san shanu. Akwai mai gilashin nan, da wanda ya juya ya ɗago ɗan'uwansa. Duk duniya ba mai riƙe da fuskokinsu sai ni. In na tafi da su, shi ke nan, kamar ba a haife su ba."

Enoch ya dubi ƙofa. Mabel ta fita ɗebo ruwa, ba abin da zai hana shi bin ta, kuma ya so ya bi ta ƙwarai.

"Ɗaya ya faɗi, Enoch," in ji Seth.

Ƙafafun Enoch suka riga shi yanke shawara. Ya zagayo ya zauna a bakin gadon, inda taga ke gabansa, ya kawo kunnensa mai ji. Seth ya yi ta lissafo su ɗaya bayan ɗaya, yadda suka taso cikin alkama, yadda kowanne ya faɗi, har rana ta karkata. Washegari ya cika.

Minshari ya ɗauke a gidan Tasker. Enoch ya daina bi ta gefen gonaki, ya gwammace ya yi zagaye ta titi ko da ana ruwa. Hetty takan same shi tsaye a lambu da cebur a hannu, leɓunansa na motsi kamar mai bitar karatu. Abin ya ci ranta, har wata safiya ta dire butar shayi ta ce:

"To ni ka gaya mini mana, maigida. Mu raba, ko ka samu ka runtsa."

Ya girgiza kai.

"Ke ba ki da lamba, Hetty. Kuma ba kowa a bayana."