Akushin Matar Akawu

Ranar Asabar ce, saura kwana biyar a ga watan azumi, ina shekara tara, ba a daɗe ba da Nasara suka ci Sakkwato. Muna zaune a zauren gidanmu a Ƙofar Marke, kowa da allonsa a cinya muna ta rera karatu, sai ga wani dogon mutum ya yi sallama, sanye da kwat da wando irin na Turawa, da jar dara a kansa. Ya tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya durƙusa ya gai da Baba da Larabci mai kyau. Yana riƙe da hannun wata yarinya tsarata, an yi mata kitso a tsaitsaye wanda ban taɓa ganin irinsa ba. Karatu ya mutu a bakinmu, muka saki baki muna kallo har sai da Baba ya ɗaga bulala.

Sunansa Akawu Sanusi, mutumin Saliyo ne, can bakin teku, gwamnati ta kawo shi aikin gidan waya. Sauran akawuna baƙi a gefen bariki aka sauke su, bayan ganuwa, inda ɗayansu yake koya wa 'ya'yansu Turanci a ƙarƙashin rumfa. Shi kuwa Musulmi ne, yana son ɗiyarsa Ramatu ta tashi inda za ta ji kiran salla ta yi karatun allo, boko kuma ya koya mata da kansa. Ya duba Ƙofar Kware ya ga cunkoso ya yi yawa. Ya sami gida a Ƙofar Rini, rijiya ta yi nisa. Da ya zo unguwarmu ya ga rijiya ga makaranta, ga gidan da ba kowa kusa da namu, sai hankalinsa ya kwanta. Matarsa ce ba ta so, don a bariki tana da masu jin yarenta, a nan kuwa ko "sannu" ba ta iya ba. Suka yanke za su gwada watan azumi. In matan unguwa sun karɓe ta, sun zauna ke nan. In ba haka ba, bayan salla su koma bariki, Ramatu kuma a tura ta makarantar boko a ƙasarsu. A gabana Baba ya faɗa wa Inna, ina tsinke zogale. Ya ce, "Karatun yarinyag ga yana hannunku, ku mata." Da kunnena na ji, ba zan ce ban sani ba.

A unguwarmu in azumi ya kama, da la'asar akussa ke ta kai da komo tsakanin gidaje, kuma ba a mayar wa mutum da akushinsa wayam. Ko ƙosai uku ne sai a jefa ciki. Matan aure ba sa fita da rana, don haka mu yara mu ne ƙafarsu, mu ne bakinsu. Ranar farko Inna ta sa ni surfe tun hantsi, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta kaɗa miyar kuka da man shanu, ta zuba a baƙin akushinta na aure, ta ɗora mini a ka. Matar Akawu ta karɓa da hannu biyu tana ta murmushi. Ta juye, ta wanke akushin tas, ta cika shi da nata abincin, sannan ta danƙa mini ƙwayar sukari tukwici.

A hanya ƙwaƙwa ta sa na buɗe. Shinkafa ce da miyar ganye da busasshen kifi, wani jan mai yana yawo a sama. Yau kowane yaro ya san manja, amma ni lokacin ban taɓa ganinsa ba. Sai maganar 'yan mata a bakin rijiya ta faɗo mini, wai duk mai aiki da Nasara da kitsen alade yake girki. Na ga kamar ni zan kai wa Baba abin da zai ɓata masa azumi. Na ratse wani kango da ke tsakanin gidajenmu, na kife wa awaki, na goge akushin da ganye, na ɗauraye a rijiya. Sukarin fa? Shi kam na tsotse shi sarai, ban tsaya tambayar da me aka yi shi ba. Da na shiga gida Inna ta ce, "Kulu, mi anka zubo?" Na ce, "Ba su zubo komi ba, Inna."

Inna ta ce ai baƙuwa ce, ba ta san al'ada ba, za ta koya. Kashegari ta sake aike na, na sake kifewa. Ran na uku na ga Baba da Akawu suna buɗa baki tare a zaure, kwano ɗaya, na gane zancen alade shirme ne. To, amma in na kawo abinci yau, me zan ce game da jiya da shekaranjiya? Tsoron bulala ya maye gurbin tsoron alade, na ci gaba. Awakin kangon nan har sun san sawuna, da sun hango ni sai su taso a guje.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Ramatu ta zama ƙawata. Ni na koya mata wanke allo da fiƙe alƙalami, da 'yar carafke a bayan zaure. Tare muke zuwa gonar Baba ta fadama, tana yi mini waƙar ƙasarsu ina dariya. Kanta da kaifi, cikin kwana ashirin ta wuce yaran da suka shekara, Hausa kuma ta fara zama a bakinta. Wata safiya muna shanya alluna ta ce, "Mama ta ce, Inna ta ji daɗi?" Na dubi ƙasa na ce, "Ta ce ya yi." Wallahi har yau in na tuna yadda fuskarta ta washe, sai in ji kamar in nutse.

Haƙurin Inna ya ƙare a kwana na goma sha biyu. Ta ce, "Wanga ba rashin sani ba ne, raini ne. Matar mai albashi ta fi ƙarfin tuwonmu." Ta daina aikawa. Inna kuwa matar malam ce, abin da ta yi shi mata ke yi, sai akussan sauran gidaje ma suka ɗauke ƙafa. Ni har wani sanyi na ji, wai na huta da ƙarya. Ranar salla kowane gida ya cika da yara da tuwo, gidan Akawu shiru. Na hango matar ta cikin ƙofa, ta yi ado da farin mayafi, tana zaune ita kaɗai a kan kujera, ga tukunya cike a gabanta.

Kwana uku bayan salla, da hantsi, aka ɗaure kayansu a kan jakuna. Matar Akawu ta shigo gidanmu yin bankwana, karo na farko ke nan da suka haɗa ido da Inna. Ina bakin turmi ina daka. Ta yi magana a hankali, Ramatu tana fassarawa: "Mama ta ce ki yafe mata. Kwana goma sha biyu tana aiko miki abinci, ba ta san bakinku ba. Ta ce ko barkono ne ya yi yawa kika yi fushi?"

Inna ta juyo ta dube ni, taɓarya ta tsaya a hannuna. A duban nan ta gane komai, na kuma san ta gane. Sai ta kama hannun matar ta ce wa Ramatu, "Hwaɗa mata abincinta ba shi da laihi. Ni ce ban kyauta ba." Ta roƙe ta ta zauna, har da hawaye, amma jakuna sun riga sun kama hanya, an kuma ba su ɗaki a bariki. Kafin damina aka tura Ramatu Saliyo, ban ƙara ganinta ba, ban kuma san ko ta sauke Alƙur'ani ba.

Yanzu baƙi na zuwa Sakkwato daga ko'ina, su zaga a mota suna neman unguwa mai famfo da lantarki, da makarantar da ake Turanci zalla. Su yi shekaru maƙwabci bai san sunansu ba, ba wanda ya damu. A zamaninmu mace ɗaya ta ƙetaro teku, tana jiran kalma ɗaya daga bayan katanga kafin ta ce nan ne gida, kalmar ta maƙale a hannun 'yar shekara tara. Inna ba ta taɓa ni ba, ba ta gaya wa Baba ba, har ta koma ga Allah ba ta tayar da zancen ba. Na tsufa ina cewa da ma ta dake ni.