Ina Ƙirga Kwanaki a Landan Inna Ta Rasu

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da wannan abu ya soma ina da shekara arba'in da shida, ina zaune a Barking da ke gabashin Landan, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya tilo, wadda a nan aka haife ta, kuma ta riga ta tafi jami'a. Shi tun yana raye ya karɓi fasfon ƙasar nan, ya yi ta fama da ni in zauna in yi jarrabawar zama 'yar ƙasa in karɓi nawa. Ni kuwa takardar zaman dindindin da nake da ita ta ishe ni. Nakan ce masa ni 'yar Kano ce, zaman aure ne ya kawo ni, ba zan je in ɗaga hannu in yi wa wata ƙasa rantsuwa ba. Yakan yi dariya ya ce wata rana zan tuna maganarsa. A ganina abin da aka kira dindindin ba ya ƙarewa, ban taɓa karanta sharuɗɗan da ke tare da shi ba.

Ana nan sai ƙanina ya kira ya ce mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Mu biyu ta haifa, shi kuma aikinsa a Fatakwal yake. Na ɗauki hutun wata uku na tafi. Da na ga halin da take ciki na kasa juyowa. Ni ce mai ɗaga ta, ni ce mai yi mata wanka da alwala, ni nake gane abin da take faɗi da bakinta ya karkace. Wata uku ya zama shida, shida ya zama shekara. Na rubuta na ajiye aiki. Council, wato ƙaramar hukumar da ta ba mu hayar gida, suka yi ta aiko da wasiƙu a kan flat ɗinmu, ƙarshe suka karɓe abinsu, 'yata ta kwashe kayanmu ta kai ajiya. Ban damu sosai ba, don kullum ina ce wa kaina ai Landan tana nan, duk ranar da na so zan koma.

Bayan shekara biyu da wata huɗu Inna ta ɗan samu sauƙi, ƙanina ya samo wata 'yar uwarmu ta zo ta zauna da ita. Lokacin ya zo daidai da bikin kammala digirin 'yata. Na yi booking ɗin jirgi, na ɗinka mana atamfa iri ɗaya, na sayo mata kilishin da take so. A filin jirgi ma'aikacin ya duba katin zamana, ya duba hatimin ranar da na shigo Najeriya, ya kira wani na sama da shi. Shi ne ya yi mini bayani a gaban layin mutane cewa duk wanda ya wuce shekara biyu a waje, zaman dindindin ɗinsa ya faɗi, ba za su iya ɗauka ta ba. Na ce masa shekara ashirin na yi a can, kabarin mijina yana can. Ya ce ya ji, amma ba shi ya yi dokar ba. Haka na ja akwatina na fito, mai tasin da ya kawo ni ma bai bar wurin ba. A waya na kalli bikin, wata ƙawarta ce ta riƙe mata wayar. Na ga sauran yara da iyayensu, tawa tana tsaye ita kaɗai da hularta a hannu.

Sai da na nemi bizar masu komawa har sau biyu kafin a ba ni, don a karon farko an ce ban kawo isassun shaidu ba. Da na dawo babu gida, babu aiki. Wata Hajiya 'yar Ghana da muka saba a masallaci ta ba ni hayar ɗaki ɗaya a gidanta a Thamesmead. A ɗakin nan 'yata ta zo ta same ni. Ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Turanci kamar yadda ta saba, amma wannan karon ko kallona ba ta yi. Ta ce ubanta ya rasu, ni kuma na ɓace mata, ba ta da kowa a ƙasar nan sai ni. Ta ce in zaɓa: ko in ci gaba da riƙe takardar zama ina kai-da-kawo har wata rana a sake rufe mini ƙofa, ko in zauna in nemi zama 'yar ƙasa yadda babu mai sake tsayar da ni. Na yi mata alkawari zan nema.

Sai dai zaman da na yi a Kano ya sa ƙirgena ya koma farko. Dole in yi shekara biyar ina zaune, kwanakin da zan yi a waje suna da iyaka, a shekarar ƙarshe kuma kada su wuce casa'in. Na samu aiki a wani gidan tsofaffin, bas biyu nake hawa kafin in isa. 'Yata ta samu aiki a can arewacin ƙasar, sai ranar Lahadi muke waya. Na manna kalanda a bayan ƙofa ina soke kwanaki. Shekarun nan ban san na yi hira mai tsawo da kowa ba in ba Hajiya ba, ita ma tana da sana'arta ta abinci, ba ta cika zama ba. Ranar Sallah in an sauko daga Idi nakan dawo ɗaki in ci tuwona a kan gado, ina jiyo yaran maƙwabta a ƙasan bene. Duk shekara ina zuwa Kano in yi sati biyar ko shida, kuma tun daga ranar da na sauka nake lissafin ranar komawa. Inna ta lura. Ta taɓa ce mini na zama kamar mai jiran mota a tasha.

A shekara ta biyar jikinta ya sake rikicewa, na je na yi kwana tamanin da shida. Da ta farfaɗo na dawo, kwana huɗu kacal suka rage mini. Saura sati biyar shekarun su cika ƙanina ya kira ya ce Inna ta daina cin abinci, likita ya ce a sanar da na nesa. Ya kara mata wayar a kunne. Da ƙyar na gane abin da take cewa. Ta ce, "Ki taho ki wanke mini kai, ba su iya ba." Na ce, "Inna, saura sati biyar, ina gamawa zan taho in daɗe." Ta ce, "To, Allah Ya kai mu."

Hajiya ta ji komai daga kicin. Da Hausarta ta zango, wadda mace ma "kai" take ce mata, ta ce mini in tashi in tafi, takarda ba za ta gudu ba. Ban ji ba. Na gaya wa kaina Inna ta sha kaiwa nan ta dawo. Na tuna abin da ya same ni a filin jirgi, na tuna alkawarin da na yi wa 'yata. Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: na gaji. Na gaji da ƙirge, ina so kawai ya ƙare.

Ranar wata Talata da safe ina wurin aiki, wayata tana kulle cikin loka ta ajiye kaya kamar yadda dokar wurin ta ce. Ina ba wata tsohuwa 'yar shekara casa'in abinci a baki, ina goge mata haɓa, tana kira na da sunan 'yarta. Da aka ba mu hutun ƙarfe sha ɗaya na tarar da kiran ƙanina ya fi goma. Inna ta cika bayan sallar asuba, kuma kafin in kira har an kai ta an dawo. Saura kwana goma sha biyu shekarun su cika. Na wanke fuskata na koma na ƙarasa aikin ranar, don ban san inda zan je ba. A Kano gida ya cika har waje an shimfiɗa tabarmi. A Thamesmead mutum uku ne suka zo mini gaisuwa. Hajiya ta rufe sana'arta ta zauna da ni kwana uku. 'Yata ta iso a jirgin ƙasa tana kuka, tana cewa da na gaya mata da ita da kanta za ta saya mini tikiti. Ban gaya mata ba, Edita. Ban tambayi kowa ba.

Ranar da na je wurin lauya don mu cike takardun, ta ga ina hawaye ta tambaye ni dalili. Da na ba ta labari ta ajiye biro. Ta ce in mutum ya wuce da 'yan kwanaki saboda rashin lafiyar uwa ko uba, sau da yawa akan duba uzurinsa, in ma an ƙi, abin da zai same ni bai wuce in ƙara jiran wasu watanni ba, takardar zamana kuma tana nan daram. Ashe ba ƙofa za a rufe mini ba. Jira ne kawai, ni da na riga na yi shekara biyar ina jira.

An ba ni abin da na nema. Na je na yi rantsuwar a ɗakin taro na council, aka tafa, aka ɗauke mu hoto. Yanzu ina iya tafiya Kano in yi shekara goma babu mai tambayata, amma wata bakwai ke nan ban yi booking ba. Gidan yana kulle, ƙanina yana maganar sa 'yan haya.

Sau biyu na yi kuskure, kuma duka biyun rashin tambaya ne ya jawo su. Na farko na raina takarda lokacin da samunta ke da sauƙi, na biyu na ji tsoronta fiye da kima har ta tsaya tsakanina da uwata. 'Yan uwana mazauna waje, ku karanta sharuɗɗan abin da ke hannunku, ku nemi abin da za ku nema tun iyayenku suna da ƙarfi, kuma kada ku yanke hukunci ku kaɗai a ɗaki kamar yadda na yi. In kuwa an kira ku daga gida an ce a taho, ku fara tafiya tukuna. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi wa Inna addu'a, ni kuma ya roƙa mini Allah Ya sa ta yafe mini kafin ta cika.