Ƙusar Baba da 'ya'yan kariya

Hadari ya haɗu jiya da la'asar. Na tsallake kuɓewar da Mama ta shanya, na ruga na kwashe gwangwanayena uku zuwa ƙarƙashin rumfa.

'Ya'yan furen kariya ne a ciki, ba su wuce tsawon yatsa ba. Ita kariya yawan ruwa ke kashe ta. Marigayi Baba ne ya dasa uwarsu da ya bar soja, bara ta ruɓe. Ukun nan kaɗai suka rage mani, ɗaya ma gindinsa ya fara laushi.

Kuɓewa ta jiƙe sharkaf. Na tsaya ina jiran faɗa.

Mama ta ce, "Auta, fure za mu ci da tuwo?"

Na ce, "Ki yi haƙuri, Mama."

"Haka ubanka ya yi mani da barkono, har sau biyu. Ɗaga gwangwanin in gani."

Ta leƙa ƙasansa, ta yi tsaki. "Huda ɗaya? Shi biyar yake yi. Kuma yashin rafi yake zubawa, ba wannan laka ba."

Ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar ƙusarsa ƙulle a tsumma. Shekara shida da rasuwarsa tana ajiye da ita, ita da kullum take cewa furen nan ɓata lokaci ne.

Yau na ɗebo yashi. Ina hudawa, tana tsaye a kaina tana ƙirgawa.

Ku fa, wane ɗan abu na mamaci kuka tarar an ɓoye a gidanku?