Takalmin Fita na Uku

Ba na cikin tsofaffin da ke yabon matar ɗansu don a ce suna da kirki. Surukata tana da nata laifin. Gishirinta yana yawa, ba ta rufe murfin man goge baki, kuma ba ta iya cewa a'a ba. Wannan na ƙarshen ne ya kusa sa 'yarta ta daina yarda da maganarta, shi ya sa na ɗauki biro.

A ɗakin gwaji na wani asibiti take aiki, shekara goma sha ɗaya ke nan. Aikinta ɗibar jini. Kowa zai iya ɗibar jinin ƙato, amma jijiyar jariri ba ta kai zaren ɗinki kauri ba, in kuma zazzaɓi ya ƙona ruwan jikinsa sai ta ɓace. Wasu sukan soki jariri sau huɗu, uwa tana kuka, yana kuka. Ita kuwa sai ta ɗora yatsa, ta kau da kai kamar mai sauraren wani abu a bayan bango, ta soka sau ɗaya. Ma'aikata suka sa mata suna Mai Jijiya, har ta riƙa jin daɗin sunan.

Na yi shekara talatin ina buga takardu a ofis, na san ladan da ake ba wanda ya iya aiki: ƙara masa ake yi. Jakin da ba ya tutsu shi ake labta wa kaya. Su shida ne a ɗakin. Akwai jadawali manne a bayan ƙofa, an zagaye ranar hutun kowa da jan biro, amma nata jan biron ado ne kawai. Shugaban ɗakin, wanda suke kira Minti Biyar a bayan idonsa, bai taɓa ganin dalilin koya wa wani ba tunda tana da waya. Ko da yaushe maganarsa ɗaya ce, ta zo minti biyar kawai. Daga gidanmu zuwa asibitin tafiyar minti arba'in ce in hanya ta yi kyau. In ta je kuwa, sai a ce tunda ta zo ga wasu biyu.

Tun da mijina ya rasu nake zaune da su, a ɗakin da ke kusa da ƙofar shiga, don haka duk mai fita sai na ji shi. Ita ce ta farko. Kafin ta fita ta yi guga, ta cika kwanukan makaranta, ta nemo safa ɗaya da ta shige ƙarƙashin kujera, ta sa hannu a littafin aikin gida tana tsaye. Ɗana, wanda ni na haife shi kuma ba zan rufa masa asiri ba, yana aiki a ofishin wani kamfanin sufuri. Ƙarfe huɗu yake tashi, ba ya zuwa Asabar da Lahadi. Gudummawarsa ga ranar haihuwar yara ita ce ya tsaya a hanya ya karɓo kek ɗin da ita ta yi odarsa, ya shigo da shi a hannu biyu kamar ya kamo zaki. Maƙwabta su ce kai, wannan uba da son 'ya'ya yake.

Yaran biyu ne: jikata, wadda nake kira ƙawata, da ƙanenta Auta mai shekara huɗu. Abin da ƙawata take so a duniya shi ne uwarta ta kai ta gidan namun daji. Ba uba ba, ba ni ba, uwarta. Da za ta cika shida aka yi mata alkawari, aka sayo jan takalmi na fita. An sa mata ƙafa ɗaya waya ta yi ƙara. Takalmin ya koma kwali, kafin a sake samun rana ya matse ta, aka ba 'yar maƙwabta sabo fil. Da za ta cika bakwai aka sayo fari. Wannan karon har mun shiga mota aka kira ta. Uban ya ce ai sai mu je mu kaɗai, yarinya ta ce za ta jira. Farin ma ya bi sawun jan.

Abin da ya dame ni shi ne a karo na biyun ba ta yi kuka ba. Uban ya ce ta girma, ta yi hankali. Na ce masa hankalin da yaro ya yi a irin wannan wuri ba abin murna ba ne. Daga nan ta daina tambaya. Ranar ba da kyaututtuka a makaranta ma ba ta kawo wa uwar takardar gayyata ba, a jakarta na tsince ta a nannaɗe.

Wata Lahadi uwar ta ce za ta kai Auta wurin lilo. Yana zaune a bakin ƙofata da rigarsa mai hoton jirgi, sai na ji ƙawata tana ce masa, ba da mugunta ba, kamar mai gaya masa za a yi ruwa:

"Cire rigar kar ta yi datti. Za a kira ta."

Uwar tana kicin, ta ji. Aka kuwa kira ta.

Saura wata biyu yarinya ta cika takwas, surukata ta fara shiri irin na mai tafiya yaƙi. Akwai wata abokiyar aikinta, Doguwa, shekararta shida a ɗakin amma ba a taɓa barinta ta taɓa jariri ba. Ta riƙa janta gefe lokacin cin abinci tana koya mata: yadda ake ɗumama ƙafar jariri da tsumma, inda ake danna yatsa, yadda ake kwantar da allura. In aka kawo jariri kuma shugaban ba ya kusa, sai ta tsaya a bayanta ta bar ta ta yi. Ta yi wa mutum uku aikin Asabar ɗinsu don a bar mata Asabar ɗaya. Ta sa aka rubuta a jadawali, Minti Biyar ya sa hannu yana dariya, wai sai ka ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa. Ta sayo takalmi na uku, shuɗi mai maɗauri.

Ranar Asabar ɗin da safe ta kashe wayarta a gabanmu, ta jefa cikin gwangwanin madara, ta rufe. Ƙawata ta kalli gwangwanin, ta kalli uwar, ta fito da sabuwar riga da tsohon silifa, kwalin takalmin a hammata. Na ce mata ƙawata, da wannan silifan za ki je, ai birai ma sai su yi miki dariya. Ta ce, "Kaka, sai mun shiga zan sa." Uwar ta buɗe baki, na yi mata ido ta rufe.

Mun isa wajen ƙarfe goma. Layi ya kai bakin titi, rana ta fara zafi, masu sayar da balan-balan suna bin mutane. Saura mutum shida a gabanmu sai wayar ɗana ta yi ƙara. Na ga ya gyara tsayuwa, ya sa hannu ɗaya a ƙirji, yana ta ranka ya daɗe, ai ba komai, ga ta nan kusa. Ya miƙa wa matarsa.

Daga baya na san yadda aka yi. Wata rana ya sauke ta a asibiti, Minti Biyar ya fito ya kama hannunsa, ya kira shi yallaɓai, ya ce matarsa ita ce ginshiƙin asibitin. Kan ɗana ya kumbura, ya ba shi lambarsa, wai ko da za a neme ta a rasa. Wata biyu tana gina katanga, shi ya bar ƙofar baya a buɗe don an kira shi yallaɓai.

Ƙawata ba ta jira ta ji komai ba. Ta fita daga layi, ta zauna a kan dakalin bakin ƙofa, ta ɗora kwalin a cinya. Ba fushi a fuskarta. Da ta yi birgima da na fi samun sauƙi.

Kar wani ya ce na ce a bar jariri ya mutu don a ga raƙumin dawa. Jaririn gaske ne, ɗan wata huɗu, yana gudawa, likita yana jiran sakamako. Surukata ta toshe kunne ɗaya da yatsa tana tambaya. Sau nawa Doguwa ta gwada? Ina kusa, na ji amsar: ba ta gwada ba, Minti Biyar bai bar ta ba, wai uwar jaririn ƙanwar abokinsa ce, ba ya son a yi gwaji a kanta. Ta zo minti biyar kawai.

Na ga ƙafarta ta juya wajen titi, jiki ya saba. Sai ta kalli dakalin.

"Yallaɓai, kafin in iso minti arba'in ne, yaron ba shi da su. Ba Doguwa wayar."

Ya fara magana, ta maimaita, ba ta ɗaga murya ba: "Ba ta wayar."

Nan a bakin ƙofa, tsakanin mai balan-balan da mai yagar tikiti, ta tsaya tana aiki da baki. Ta ce a ɗumama ƙafar hagu. Ta ce a fitar da uwar waje, a fitar da duk wanda ba riƙe yaron yake ba, kuma na san wa take nufi. Ta ce Doguwa ta daina kallo, ta ji da yatsa. Sai ta rufe ido, yatsanta yana danna iska. Layi ya wuce mu. Ɗana ya ce ko ya je ya juyo da mota. Na ce masa in ya motsa daga nan zan tuna masa a gaban jama'a shekarar da ya daina fitsarin kwance.

Minti bakwai aka yi, na duba agogo. Ta buɗe ido ta ce, "Sau ɗaya? To manna auduga, ki rubuta sunanki a takardar, naki, ba nawa ba." Ta kashe wayar. Ɗana ya miƙo hannu, ta wuce shi ta ba ni.

"Mama, riƙe mana."

Na jefa ta can ƙasan jakata, ƙarƙashin maganin hawan jini. Muka koma ƙarshen layi.

Ƙawata ta cika maganarta. Sai da aka yaga tikiti, muka wuce ƙarfen ƙofa, sannan ta zauna a ƙasa ta buɗe kwalin. Uwar ta durƙusa ta ɗaura mata maɗaurin. Ba wanda ya rungumi wani. Takalmin ma ya ɗan matse ta, don an saye shi da wuri.

Gidan namun dajin ba abin a zo a gani ba ne. Zakin yana barci ya juya mana baya, giwar guda ɗaya ce kuma ta girme ni, wani biri ya ƙwace wa Auta biskit ya yi ta ihu. Kek ɗin ya narke a mota saboda wanda aikinsa ke nan ya bar shi a rana. Wajen azahar na lura ƙawata tana ɗingishi, dunduniyarta ta yi bororo. Na ce ga silifanki a jakata. Ta ce a'a. Haka ta yi ta jan ƙafa tana riƙe da gefen rigar uwar, tana tambayar me ya sa kada ba ya rufe baki.

Ranar Litinin aka ba surukata takardar tuhuma, wai ta ƙi amsa kiran gaggawa. Ta dawo da ita tana cewa ko ta je ta ba da haƙuri. Ɗana ya goyi bayan haƙurin. Na ce su ba ni wuri. Irin wannan takarda na buga ta fi ɗari, na san yadda ake amsa ta. Layi biyar na rubuta: ranar hutunta ce, ga sa hannunsa a jadawali, an ɗebi jinin cikin minti bakwai maimakon arba'in, wadda ta ɗiba ma'aikaciyarsa ce ta shekara shida, in yana son a riƙa kiranta ranar hutu, ya rubuta hakan a takarda ya aika wa na sama da shi. Na san ba zai rubuta ba. Irinsu bakinsu ne kawai ke da ƙarfi.

Ba a ba ta lambar yabo ba. Wata uku bai amsa gaisuwarta ba, ya kuma mayar da hutunta na shekara zuwa lokacin da yara suke makaranta. Har yanzu yakan kira, sai dai yanzu lambar Doguwa yake fara gwadawa. Ɗana yana ba abokansa labarin yadda ya kai iyalinsa yawon buɗe ido. Na bar shi, bakin nasa ne.

Ƙawata kuwa ta ishe mu. Tun daga ranar ba ta bar uwar ta zauna ba: yaushe za a je wurin lilo, ranar Alhamis akwai wasan makaranta ƙarfe goma, ga takardar, a sa hannu yanzu, ranar haihuwar Auta saura sati biyar ina za a je. Jiya uwar ta dawo a gajiye ta ce mata wasan makarantar sai dai ta gani, ba ta yi alkawari ba. Yarinya ta faɗi a tsakar ɗaki ta yi kuka har da shure-shure, ta ce ba ta yarda ba. Uban ya ce wannan wace irin rashin kunya ce, da can ba haka take ba.

Na ce masa ya tashi ya je ya nemo wa Auta safarsa.