Malam Nata'ala da Ɓarawon Zanin 'Yargoje

Duk safiya, kafin masu shara su gama da barandar asibiti, Malam Nata'ala ya riga ya kafe babur ɗinsa, ya shimfiɗa tabarma a bayan ɗakin aikinsa, ya ajiye faifan gyaɗa. Ma'aikacin jinya ne a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa. Ya yi aiki a Sabuwa, ya yi a Faskari, ya ƙare a Ƙanƙara, inda ya ajiye aiki a watan jiya. Idan mutum ya zo da maganar da ta fi ƙarfin bakinsa, Malam ba ya zaunar da shi gaban tebur. Gefensa yake zama a tabarma, su yi ta ɓarar gyaɗa, idon kowa a kan faifai. Yakan ce, "Bahaushe bai faɗin abin kunya ana kallon ƙwayar idonshi. Ba hannunshi aiki, ka ji magana."

A kan tabarmar nan magidanta suka faɗi abin da ko matansu ba su sani ba. Wani sha'awarsa ta bar mutum ta liƙe wa tufafi. Wani leƙe ne ya zame masa jaraba, yana yi yana tsine wa kansa. Mu kuwa, da zarar mun ji irin wannan, sai mu ce aljani ne ko asiri, mu ɗauko sanda, mu koma gida muna ganin mun gyara gari. Wannan lalaci ne, kuma ya ishe ni.

Ga abin da mutanen 'Yargoje suka gani da idonsu. Wanda abin ya shafa da matarsa sun yarda in rubuta, na dai sauya musu suna.

An daɗe zannuwan mata suna ɓacewa daga igiyar shanya. Wata rana bayan Azahar aka kama Almu, manomi mai iyali, da zanin maƙwabciya a cikin riga. A ƙasarmu an san fassarar satar kayan mace: za a kai wa boka a yi tsafi da mai shi. Nan take aka ɗora masa ɓarin cikin wance da ciwon ƙafar wance. Samari suka taru da gora. Allah ya sa Malam Nata'ala ya zo duba wani mara lafiya a unguwar. Ya ratsa taron ya tsaya a kan Almu, wanda goshinsa ke zubar da jini.

Wani saurayi ya ce, "Baba, kauce! Matsafi ne!"

Malam ya ce, "To, madalla. Ku kai ni gidanshi mu ga arzikin. Matsafin da takalminshi ya sha ɗinki har ya gaji? In wanga tsafi ne, wallahi bokan ya cuce shi."

Wasu suka tuntsire da dariya, gorori suka ɗan sauka. Aka je da mai unguwa aka buɗe rumbun Almu. Ga zannuwan nan a ninke, ba wanda aka yanka, ba laya, ba ƙulli. Malam ya dubi dattawa ya ce, "Satar, sata ce, kuma zai amsa ta. Amma abin da ya kai shi ciwo ne, kuma na san shi. Ku ba ni shi."

Almu ya tsira da ransa, saura gidansa. Matarsa Khadijatu ta riga ta ɗaure kayanta. Da Malam ya same ta, ta ce, "Baba, ni mi na rasa da za a guje ni a bi tsumma?"

Ya ce, "Ɗiyata, ba ki rasa komi ba. Abin nan ya riga ki zuwa gidan."

Ya yi mata bayani dalla-dalla. A wasu mutane, tun tasowarsu, sha'awa kan ɗauru da wani abu, ba da zaɓinsu ba. Damuwa da ɓoyo suna ƙara mata ƙarfi, kuma tun da rashin tsaro ya raba Almu da gonarsa ta daji abin ya tsananta. Mutum bai zaɓi abin da ke taso masa ba, amma abin da hannunsa ya aikata nasa ne, kuma ana koyon riƙe shi. Bai ce mata ta zauna ba. Ya ce ta yi shawara da zuciyarta.

Ta kwance kayan, bisa sharaɗin duk ranar ganin Malam tare za su. Haka aka yi wata da watanni. Almu ya koyi gane lokacin da abin ke taso masa, ya koyi barin wurin, ya koyi faɗa wa matarsa maimakon ɓoyewa. Malam ya tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Katsina saboda damuwar. Ya kuma sa shi ya bi gida-gida, mai unguwa na gaba, ya nemi gafarar matan da ya tsorata, don su ma an cuce su.

Kada wani ya ɗauka Malam mai rufa ɓarna ne. Wanda ya taɓa wani da ƙarfi, Malam da kansa yake miƙa shi ga hukuma, ko ɗan wane ne.

Malam, kai ne ka zauna da waɗanda kowa ke ƙyama ba ka yamutsa fuska ba. Kai ne ka riƙe sirrin garuruwa uku, ko a majalisa ba a taɓa jin ɗaya a bakinka ba. Dattijo, rumbu mai murfi!

Ranar walimar ajiye aikinsa, Khadijatu ce ta tuƙa tuwon. Ta zo da goyo, Almu na biye da ita ɗauke da kwanuka. Malam ya ce, "Almu, ka yi ƙiba."

Khadijatu ta ce, "Ai dole, Baba. Yanzu har shanya shi ke kwaso mani, kuma ba ta taɓa yin ƙari ba."

Wuri ya kaure da dariya, Almu ya fi kowa. Aka miƙa wa Malam jaririn ya yi masa addu'a. Da ya tambayi sunansa, Almu ya sunkuyar da kai ya ce, "Sunanka ne, Baba."

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da Aljanna, ya sa hutunka ya zama mai albarka. Ku kuma 'yan'uwana matasa da ke karatun jinya, kuna gudun ɓangaren ƙwaƙwalwa don kada a kira ku likitan mahaukata, ku ji kunya ku dawo. A kowane gari namu akwai mai irin ciwon Almu, yana ɓoye, yana tsoro. Ku riga masu gora isa wurinsa.