Ɗan mutumin da ya jira a idar da salla

Ɗana na fari ya karye a ƙafar dama shekarar da raken fadamarmu ta Gazara ya yi kyau. Babur ne ya zame da shi a hanyar dawowa Makarfi, da damin rake a baya. Ba na kiran sunansa, ɗan fari ne, kuma ba yanzu zan fara ba. "Kai" nake ce masa, yana amsawa. A lokacin ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya da shagon cajin waya a bakin kasuwa, furfura ta fara leƙowa a gemunsa.

Aka ɗauko mai ɗori daga Malikanchi, wani dattijo marar yawan magana. Ya ja ƙafar, ya jera kara, ya ɗaure. Da ya wanke hannu sai ya kira ni gefe.

"Hajiya, ƙashi zai kama in Allah ya yarda. Amma ƙashin babba ba irin na yaro ba ne. In ya taka ƙafar nan kafin in ce ya taka, za ta haɗe a karkace, ni kuwa ban iya miƙe abin da ya riga ya haɗe ba. Yana jin magana?"

Na ce, "Yana jin tawa."

Na sa aka kwantar da shi a ɗakin marigayi Malam, mahaifinsa, saboda ƙofar tana kallon tawa. Matarsa ta so a kai shi sashensu. Na ce mata, "'Yar nan, ke in ya yi miki murmushi za ki miƙa masa takalmi. Bar shi nan."

Kwanakin farko ciwo ya riƙe mini shi. Da ciwon ya lafa sai waya ta fara aiki. Lokacin saran rake ne, ƙanensa ne a fadama tare da masu sara, shi kuwa yana kwance yana ta kira: an fara daga gefen rafi? Motar 'yan Kudan ta zo? Wa ya ce a sari na tsakiya? Yana ajiye wayar sai ya dubi ƙafar, ya dubi ƙofa, ya dubi inda nake zaune ina tsince shinkafa.

"Inna, in aka ɗora ni a mota fa, in leƙa kawai in dawo?"

"Kai ba katun ba ne," na ce.

Ya san abin da nake nufi. Yana yaro, duk safiyar Asabar sai ya sulale gidan maƙwabta kallon katun, zanen dabbobin nan masu magana. Na taɓa bin sa har can da tsumagiya, na tsaya a bakin ƙofa na gani da idona: mota ta bi ta kan wata dabba ta shimfiɗe ta kamar gurasa, ta miƙe ta kaɗe jiki ta ci gaba da gudu. Tun ran nan na san abin ba zai koya wa yaro tsoron hanya ba.

Katun ma da sauƙi, na gidan mutane ne. Gem shi ne ya shigo har ɗakina. Ƙanena direba ne ya kawo masa daga Kano yana firamare: ɗan akwati ruwan toka, da kaset da ake cusa masa ta sama, da hannu mai madannai da igiya. A haɗa shi da talabijin, sai ga wani ɗan mutum mai kai kamar kabewa, riƙe da sanda, yana tafiya dama. Kullum dama. Ya tsallake rami, ya tsallake ruwa, tsuntsaye suna jefo masa duwatsu. In ya faɗa rami ya mutu, a dawo da shi. Rai uku ake ba shi. Mu da aka ba ɗaya ma ba mu gama lissafinsa ba.

In kaset ɗin ya ƙi kamawa, sai yaron ya zare shi ya kai baki ya hura, ya mayar. Ranar da na fara gani na ɗauka tofi yake yi, na kama kunnensa na kai shi gaban mahaifinsa, na ce a tambaye shi wace aya yake tofawa a kan kayan wasa. Malam ya bincika, ya ce iska ce zalla, babu karatu a ciki. Na saki kunnen.

A gidana kuwa akwai doka, ita na tarar a gidan ubana: ladan na buɗe baki, duk abin da ke ƙara a kashe shi. Rediyo, injin markaɗe, gardamar mata. Shi wannan gem ba ya tuna inda aka tsaya. In an kashe, ɗan mutumin ya koma bakin ramin farko kamar bai taɓa tafiya ba. Tafiyar tasa kuma ta fi tsakanin azahar da la'asar tsawo, ta fi tsakanin la'asar da magariba. Da safe akwai makaranta, ranar da babu makaranta akwai gona, ranar da babu gona babu wuta. Saboda haka a gidana ba a taɓa ganin ƙarshen gem ɗin nan ba.

Ya sha roƙona. "Inna, akwai madannin tsayarwa. In danna, ya tsaya cik, in yi salla in dawo."

Ni kuma in ce, "Abin da aka tsayar jiranka yake, kai ma shi kake jira. Kashe."

Har yau ban ga kuskure a maganar ba. Da zai tafi sakandare a Zariya na naɗe akwatin da kayansa a tsumma na sa a ƙasan kwalla, ƙarƙashin gadona. Ya zo hutu ya nema, na ce babu. Ya ɗauka na bai wa 'yan gwangwan sun ba ni roba. Ban gyara masa ba.

To, ina zaune ina kallon ƙaton mutum yana auna nisan ƙofa da ido, sai na tashi na janyo kwallar. Na ajiye ƙunshin a kan cikinsa na koma wurin shinkafata.

Ya kwance tsumman.

"Inna, ashe yana nan?"

"Ba na sayar da abin da ba ni na saya ba."

Aka yi ta neman talabijin irin ta dā mai ƙeya, don na yanzu ba su da ramin da igiyar gem ɗin ke shiga. Aka samu wata a ɗakin ajiyar maƙwabta, kaza ta yi ƙwai a bayanta. Aka ɗauko sola da batir ɗaya daga shagonsa. Ya cusa kaset, allo ya yi ta zane-zane. Ya zare, ya kai baki ya hura, da furfurarsa da komai. Matarsa ta toshe baki da gefen mayafi.

"Baban yara, me kake yi haka?"

"Ke ba ki san komai ba. Ba a haife ki ba lokacin."

Ya mayar, sai ga kiɗan nan mai kama da kukan gyare, sai ga mai kan kabewa a bakin raminsa. Bai tsufa ba ko kaɗan.

Batirin ba ya ɗaukar talabijin sai rana ta ɗaga sosai, don haka sai hantsi ya dubi ludayi ake kunnawa. Ya kwanta da hannun gem a ƙirji, waya na kuka a gefe ba ya dubawa. Ladan ya kira azahar, na shiga na zare wayar wuta. Aka kawo masa buta da kwano, ya yi salla daga kwance. Ya sake farawa daga ramin farko. La'asar, na zare. Magariba, batirin ma ya riga ni.

Haka muka yi kwanaki. Yatsunsa suka tuno aikinsu, har yana kaiwa wani wuri mai gada a kan wuta kafin kiran salla. Amma kullum nan ladan yake tarar da shi, ko gaba kaɗan. Sai na ga ya fara kunnawa a makare. Wata rana bai kunna ba sam.

"Yau ba za a tsallake ramin ba?"

"Ba amfani, Inna. Wurin da na sani nake ta maimaitawa."

Ran nan da yamma na dawo daga gidan suna na tarar da taɓarya a ɗakin Malam, jingine da gado. Taɓarya ba ta da aiki a ɗakin maza. Shi kuma yana zaune a bakin katifa, lafiyayyar ƙafar a ƙasa, gumi na zuba, matarsa ta tsaya a tsakar gida tana kallon sama kamar an ce mata hadari ya haɗo.

"Ka taka?"

"Ban taka ba. Gwadawa zan yi. An ce motar ta tafi rabi ba a cika ba."

Na ɗauke taɓaryar na mayar gindin turmi. Ban yi faɗa ba. Na zauna a ƙofata na yi tunanin ƙafar da ta haɗe a karkace, da yadda zai riƙa jan ta zuwa masallaci har ƙarshen ransa, ina kallo daga nan.

Washegari na ce ya kunna. Ya kunna don kada a ce bai ji magana ba. Ladan ya kira azahar yana tsakiyar gadar nan, ya ajiye hannun gem ɗin tun kafin in shigo, ya juya fuska bango.

Na ce, "Ina madannin naka?"

Ya juyo.

"Na tsayarwar. Danna."

Ya danna. Ɗan mutumin ya daskare da ƙafa ɗaya a sama, kiɗan ya ɗauke. Na ciro wani zanena mai kauri na lulluɓe talabijin ɗin har ƙasa, don ba za a yi salla a ɗakin Malam wani mai kan kabewa yana kallo ba. Ya yi alwala, ya yi sallarsa. Yana sallamewa ya miƙa hannu.

"Tsaya. Wace sura ka karanta a raka'ar farko?"

Ya faɗa.

"Ta biyu fa?"

Ya faɗa, bai yi inda-inda ba.

"Ranar da na tambaya ka tsaya tunani, zan zare wayar."

Na ɗage zanen. Ɗan mutumin yana nan inda aka bar shi, da ƙafarsa a sama. Ko ba komai ya fi wasu haƙuri.

Daga nan aka shiga wuraren da ba a taɓa gani ba a gidana. Akwai na ƙanƙara inda ƙasa ke zamewa, akwai wani mai duhu da sai ɗan haske kewaye da shi. Ba a rana ɗaya ya iya su ba, rayukan nan uku suna ƙarewa ya koma farko. Amma yanzu ramin ne ke mayar da shi, ba ni ba, shi ya sa bai gaji ba. Ƙanensa ya kira a kan rake, na ji ya ce, "Ka yi yadda ka gani," ya ajiye.

Abin da ba a lissafa ba shi ne baƙin dunƙulen da ke jikin wayar wuta, wanda yake kira adafta. Bai saba aiki tun hantsi har yamma ba, sai ya riƙa zafi yana ƙauri. Na ɗauko mafici na zauna gefensa ina yi masa fifita. Matarsa ta leƙo da kwanon fura ta tsaya.

"Inna, ke ma kin shiga?"

"Gobara nake tsoro. Ajiye ki tafi."

Ranar da aka gama, mun rufe shi da azahar, mun rufe shi da la'asar, surori duk sun fito daidai. Rana ta yi ja, batir ya fara ɗan kukansa na gargaɗi. Ɗan mutumin ya isa gaban wani ƙaton tsuntsu mai jan ido, da rai ɗaya a hannu. Yara sun cika ƙofa na kore su. Ya yi ta dukansa da sandar nan, tsuntsun na zubo duwatsu, ni ina fifita. Can sai tsuntsun ya tarwatse, allo ya yi baƙi, wani rubutu ya fito. Ban yi boko ba, na tambaya.

"Me aka ce?"

"Wai sun gode. Wai an gama."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Ba a ba shi komai ba? Ko wurin zama?"

Ya fara dariya, har katifar na girgiza, na ce ya kula da ƙafa. Sai na ji dariyar ta canja murya. Na mai da ido kan adaftar, don ba a kallon ɗan fari a irin wannan hali. Da na ɗago, rubutun ya tafi, ga mai kan kabewa a bakin ramin farko. Sai dai sama ta koma ja, tsuntsayen kuma sun ƙara sauri.

"Wannan kuma fa?"

"Zagaye na biyu ne. Ya fi wuya."

Ladan ya kira magariba. Ɗan nawa da kansa ya miƙa hannu ya kashe.

Da mai ɗori ya zo duba shi, ya bi ƙashin da yatsa tun daga gwiwa har idon sawu, ya ce ya kama a miƙe, amma da saura, kada a yi gaggawa. Ya dubi talabijin da zane a kanta, ya dube ni, bai tambaya ba. Ɗan nawa ya fara cewa ai yanzu ko da sanda ne, na ce, "Ba an ce akwai zagaye na biyu ba?"

An gama saran rake ba shi. Bai gama zagaye na biyun ba mai ɗori ya kwance karan ya ce ya taka. Yanzu in ya wuce ta ƙofata zuwa masallaci ina duban sawunsa a ƙasa, duka biyun gaba suke kallo.

Ranar da ya koma sashensu na naɗe akwatin da kaset da igiyoyinsa a tsummansu. Ya ce a bar wa yara. Na ce a'a, na mayar ƙasan kwalla. Ƙanensa ma babur yake hawa, kuma ya fi shi gudu.